Babbar Kasuwar Istanbul

Babbar Kasuwar Istanbul (da Turkanci: Kapalıçarşı, wato "kasuwa mai rufi") tsohuwar kasuwa ce da ke gundumar Fatih, a cikin tsohon birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya. Tana ɗaya daga cikin kasuwanni masu rufi mafiya girma da daɗewa a duniya. Tana da tituna 61 masu rufi, faɗinta ya kai kimanin murabba'in mita 30,700, shagunanta kuwa suna tsakanin 3,000 da 4,000, gwargwadon yadda aka yi ƙirgar. An fara gina cibiyarta a shekarar 1455 bisa umarnin Sultan Mehmed na Biyu, wanda aka fi sani da Muhammadul Fatih, jim kaɗan bayan Daular Usmaniyya ta ci birnin da yaƙi a 1453.

Ba a zana kasuwar gaba ɗaya aka gina ta a lokaci guda ba. Ta samo asali ne daga gine-ginen dutse guda biyu da aka tanada domin ajiye kaya masu tsada, sai rumfunan katako suka yi ta tsirowa kewaye da su. Gobara da girgizar ƙasa sun sha rusa waɗannan rumfuna, kuma gyare-gyaren da suka biyo baya ne suka mayar da unguwar kasuwa ta katako gini guda mai rufin tubali da ƙofofin da ake kullewa da dare.

Suna

Kalmar Kapalıçarşı ta haɗa kalmomi biyu: kapalı, wato "rufaffe", da çarşı, wato "kasuwa". A zamanin Usmaniyya an fi kiran ta Büyük Çarşı ko Çarşı-yı Kebir, duk ma'anarsu "babbar kasuwa". Gine-ginen biyu da ke tsakiyarta kuwa ana kiran kowannensu bedesten. Kalmar ta fito ne daga bezestan ko bezzazistan ta Farisanci, wadda ke nufin wurin masu sayar da yadi. Da tafiya ta yi tafiya, sai kalmar ta koma nufin ƙaƙƙarfan gini mai kubbobi da ƙofofin ƙarfe da ake ginawa a tsakiyar kasuwannin manyan garuruwan daular, kamar Bursa da Edirne, domin cinikin kaya masu daraja da ajiyarsu.

Wurin da take

Kasuwar tana kan gangaren tudu na uku cikin tuddai bakwai na tsohon birnin, tsakanin Masallacin Beyazıt daga yamma da Masallacin Nuruosmaniye daga gabas. Tun zamanin Rumawan Gabas yankin wurin ciniki ne, domin yana tsakanin manyan dandali biyu, na Konstantin da na Teodosiyus, kusa da babban titin birnin da ake kira Mese, wanda titin Divan Yolu na yanzu yake bin sawunsa. Daga arewacin kasuwar akwai titin Uzun Çarşı da ke gangarawa zuwa mashigin ruwan Haliç, inda jiragen ruwa suke sauke kaya. Wannan ne ya sa kayan da suka zo ta ruwa da waɗanda ayarin fatake suka kawo ta tudu suke haɗuwa a wuri ɗaya. A yau jirgin ƙasa na cikin gari, layin T1, yana tsayawa a tashoshin Beyazıt da Çemberlitaş, duka biyun kusa da ƙofofin kasuwar.

Tarihi

Kafuwa

Lokacin da Mehmed na Biyu ya shiga Konstantinoful, birnin ya riga ya rasa mafi yawan mutanensa da kasuwancinsa. Sultan ya kawo jama'a daga sassan daular ya zaunar da su, sannan ya kafa gine-ginen da za su farfaɗo da ciniki. An fara gina bedesten na farko a lokacin hunturun 1455 zuwa 1456, kusa da fadar Sultan ta farko, wadda daga baya aka sa wa suna Tsohuwar Fada, a wurin da Jami'ar Istanbul take a yanzu. An kammala shi a hunturun 1460 zuwa 1461. Shi ne ake kira İç Bedesten, wato bedesten na ciki, ko Cevahir Bedesteni, wato bedesten na duwatsu masu daraja.

An mayar da ginin wakafi na Masallacin Aya Sofiya. Ma'anar haka ita ce kuɗin hayar shagunan yana tafiya ne wajen gyaran masallacin da biyan ma'aikatansa. Irin wannan tsari ya zama ruwan dare a garuruwan Usmaniyya, inda ake gina kasuwa ko gidan wanka ko masaukin fatake domin su riƙa ciyar da masallaci da makaranta da gidan ciyar da talakawa.

A saman ƙofar gabas ta wannan bedesten akwai sassaƙen mikiya irin na Rumawan Gabas. Saboda ita ne waɗansu masana suka ɗauka cewa ginin ya girmi zuwan Usmaniyawa. Sai dai binciken yadda aka jera tubalin ya nuna cewa mafi yawan ginin na kashi na biyu ne na ƙarni na 15.

Bedesten na biyu shi ne Sandal Bedesteni. Ya samo sunansa daga wani irin yadi da ake saƙawa a Bursa, mai launin itacen sandal. Masana sun saɓa kan lokacin gina shi: waɗansu suna danganta shi da zamanin Mehmed na Biyu, waɗansu kuma da zamanin Sultan Sulaiman a ƙarni na 16. Bayan an gina shi, cinikin yadi ya koma can, aka bar na ciki ga masu zinariya da duwatsu masu daraja da makamai da sauran kayan alatu.

Bunƙasa

Da farko gine-ginen biyu suna tsaye ne kowanne shi kaɗai. Sannu a hankali 'yan kasuwa suka kafa rumfuna a tsakaninsu da kewayensu, har wurin ya zama unguwa guda ta ciniki. Zuwa farkon ƙarni na 17 kasuwar ta riga ta ɗauki kusan siffar da aka san ta da ita. A wannan lokaci daular ta mamaye ƙasashe a nahiyoyi uku, tana kuma riƙe da manyan hanyoyin fatauci tsakanin Asiya da Turai, don haka alharini da kayan yaji da darduma da fatu da takarda da makamai suna shigowa daga ko'ina.

Matafiyin nan na Usmaniyya, Evliya Çelebi, ya bar bayani mai tsawo kan kasuwar da ƙungiyoyin sana'o'inta a ƙarni na 17. Bayanan wannan zamani sun nuna tana da tituna 67, kowanne da sunan sana'ar da ake yi a kansa, da masallatai 5, da wuraren ɗiban ruwa 7, da ƙofofi 18 da ake buɗewa da safe a rufe da yamma. Shaguna sun kai wajen 3,000, ban da wasu 300 da ke cikin masaukan fatake na kewaye. A gefen gabas, kusa da wurin da daga baya aka gina Masallacin Nuruosmaniye, akwai kasuwar bayi ta birnin, wadda ta ci gaba da ci har aka rufe ta a tsakiyar shekarun 1840, a zamanin Sultan Abdulmajid.

Gobara da girgizar ƙasa

Mafi yawan gidajen Istanbul na katako ne, kuma suna cunkushe da juna, don haka gobara ba ta da wuyar yaɗuwa. Kasuwar ta ƙone a 1515 da 1548, sannan ta sake ƙonewa sau da dama a ƙarni na 17, ciki har da babbar gobarar 1660 da ta cinye babban sashe na birnin. A kowane karo bedesten biyun ne suke tsira saboda kaurin bangonsu, rumfunan katakon kuwa su zama toka.

Bayan gobarar 1695 hukuma ta fitar da dokar gini domin rage haɗarin wuta, aka fara rufe titunan da ke tsakanin bedesten biyun da rufin tubali. Gobarar 1701 ta yi ɓarna mai yawa, aka sake gina sassa da dama da dutse da tubali a shekarun da suka biyo baya. Daga wannan lokaci ne kasuwar ta zama mai rufi a zahiri. A 1738 Beşir Ağa, babban jami'in fadar Sultan, ya ba da wakafin wurin ɗiban ruwa kusa da Ƙofar Mercan. An sake yin gobara a 1750 da 1791, sannan girgizar ƙasa ta 1766 ta tsattsage gine-gine da dama.

Mafi munin bala'i shi ne girgizar ƙasa ta ranar 10 ga Yuli, 1894, a zamanin Sultan Abdulhamid na Biyu. Rufin tituna da yawa ya rufta, mutane suka mutu a ƙarƙashinsa. Ministan ayyuka na lokacin, Mahmud Celaleddin Paşa, ya jagoranci gyaran har zuwa 1898. A wannan gyara aka rage girman kasuwar: aka matso da iyakarta ta yamma ciki, aka rushe waɗansu tsofaffin ƙofofi, waɗansu masaukan fatake kuma suka koma wajen katangarta. Masu sayar da littattafai suka koma harabar da ke jikin Masallacin Beyazıt, wadda har yau ake kira Sahaflar Çarşısı.

Ƙarni na 19 da na 20

Tun kafin girgizar 1894 kasuwar ta fara rasa matsayinta. Kayan masana'antun Turai masu araha, musamman yadi, sun danne na masaƙan gida. Masu hali suka koma sayayya a sababbin kantuna irin na Turai da ke unguwannin Pera da Galata, a ɗaya gefen Haliç. Bankuna kuma suka karɓe aikin ajiyar dukiya da bedesten yake yi. A 1913 aka soke tsoffin ƙungiyoyin sana'a. A 1914 hukumar birnin ta sayi Sandal Bedesteni, kuma daga shekara mai biye aka mayar da shi gidan gwanjo, inda aka fi sayar da darduma.

An sake yin manyan gobara a 1943 da 1954. Ta 1954 ta cinye babban sashe na kasuwar, kuma ba a kammala gyaranta ba sai a watan Yuli na 1959. A 1980 aka yi wani gyaran, aka cire allunan talla da suka rufe fuskar ginin.

Tsarin gini

Bedesten na ciki

Ginin mai kusurwa huɗu ne, tsawonsa mita 43.30, faɗinsa mita 29.50. A cikinsa akwai ginshiƙan dutse guda 8, a layi biyu, huɗu a kowane layi. Ginshiƙan sun raba zauren gida 15, wato layi uku na gida biyar-biyar, kuma kowane gida yana da kubbarsa ta tubali. Nauyin kowace kubba yana sauka ne a kan bakuna huɗu, bakunan kuma su sauke shi a kan ginshiƙai da bango. An ɗaure bakunan da juna da katako mai ƙwari domin kada su buɗe idan ƙasa ta motsa. Da wannan dabara ake rufe babban fili ba tare da an gina kubba ɗaya mai girma da tsada ba, kuma ita ce dabarar da aka yi amfani da ita a Babban Masallacin Bursa, mai kubba 20.

A jikin bangon akwai ɗakunan ajiya 44 marasa taga, waɗanda ake kira mahzen. Haske yana shigowa ne ta tagogin da ke can sama kusa da rufi, inda hannun ɓarawo ba ya kaiwa. Ginin yana da ƙofofi huɗu, kowacce da sunan sana'ar da ke gabanta: ta masu littattafai a arewa, ta masu huluna a kudu, ta maƙeran zinariya a gabas, ta masu tufafin mata a yamma.

Sandal Bedesteni

Wannan kusan murabba'i ne, mita 40.20 a gefe ɗaya, mita 42.20 a ɗayan. Yana da ginshiƙan dutse 12 da ke ɗauke da kubbobin tubali 20. Bambancinsa da na ciki shi ne shagunansa suna jikin bangon waje ne kawai, aka bar cikin a buɗe a matsayin babban zaure. Duka biyun an gina bangonsu da tsakuwar dutse da tubali, aka sa musu ƙofofin ƙarfe.

Tituna da rufi

Titunan da ke kewaye da bedesten na ciki suna tafiya kusan a miƙe, suna gittawa da juna, amma waɗanda ke gefe-gefe suna karkacewa suna bin gangaren tudun. Rufinsu na tubali ne mai lanƙwasa kamar rabin ganga, an yi masa shafe da zane-zanen fenti daga ciki. A ƙasan rufin, sama da shagunan, akwai ƙananan tagogi da ke shigo da haske da iska. A da, waɗannan tagogi su ne kaɗai hasken kasuwar, domin an hana kunna fitila da shan taba saboda tsoron gobara. Shi ya sa ake cin kasuwar da rana kawai. Daga waje, an lulluɓe mafi yawan rufin da jan tayil na yumɓu.

Babban titin shi ne Kalpakçılar, wanda ya ratsa kasuwar daga Ƙofar Nuruosmaniye zuwa Ƙofar Beyazıt. A saman Ƙofar Nuruosmaniye akwai tambarin Daular Usmaniyya. Sunayen titunan suna adana tarihin sana'o'in da waɗansunsu sun ɓace: Kalpakçılar na masu hulunan fata ne amma yau masu zinariya ne suka cika shi, Aynacılar na masu madubi ne, Terlikçiler na masu silifa, Halıcılar na masu darduma. Fesçiler na masu jar dara ne, hular da dokar hula ta 1925 ta hana sawa a Turkiyya.

Shaguna

Tsohon shagon kasuwar, wanda ake kira dolap, bai yi kama da kantin yau ba. Wata 'yar rumfa ce da faɗinta bai wuce mita biyu da 'yan kai ba, zurfinta kuwa kimanin mita ɗaya. A bayanta akwai kantoci na jera kaya, a gabanta kuma dakalin katako inda mai kaya yake zama, mai saye ya zauna kusa da shi su yi ciniki ana shan shayi ko gahawa. Kaya mafiya tsada ba a baje su a fili, ana ɓoye su ne a cikin akwatuna sai wanda ya tambaya. Bayan girgizar 1894 ne shaguna masu ƙofa da gilashin baje koli suka maye gurbin waɗannan rumfuna.

Masaukan fatake

A gefen kasuwar da kewayenta akwai gine-ginen da ake kira han. Kowanne bene ne mai hawa biyu ko uku da aka gina kewaye da tsakar gida, mai ƙofa ɗaya da ake kullewa. Ƙasa wurin ajiye kaya da dabbobi ne, sama kuwa ɗakunan kwanan fatake da na masu sana'ar hannu. Daga cikin waɗanda ke jikin kasuwar akwai Zincirli Han da Cebeci Han. A gangaren da ke zuwa Haliç akwai Kürkçü Han, wanda waziri Mahmud Paşa ya gina a ƙarni na 15, da Büyük Valide Han, wanda Kösem Sultan ta gina a ƙarni na 17. Har yau maƙeran zinariya da na azurfa da masu gyaran darduma suna aiki a cikin waɗansunsu.

Tsarin sana'a da tsaro

Kowace sana'a tana da ƙungiyarta, mai shugaba da ake kira kethüda. Ƙungiyar ce take lura da ingancin kaya da farashi, take sasanta rigima, take kuma yanke lokacin da yaron shago zai zama mai gidan kansa. Tara masu sana'a ɗaya a titi ɗaya ya sauƙaƙa wa hukuma karɓar haraji, ya kuma ba mai saye damar kwatanta kaya da farashi a wuri guda. Ba kowa ke iya buɗe shago ba, sai wanda ya mallaki izinin da ake kira gedik, wanda ake gada ko a saya. 'Yan kasuwar sun haɗa da Musulmi da Armeniyawa da Girkawa da Yahudawa, kuma Armeniyawa sun yi suna ƙwarai a ƙirar zinariya.

Kafin zuwan bankuna, bedesten na ciki shi ne ma'ajiyar birnin. Attajirai da matafiya suna barin kuɗi da kayan ado da takardu a ɗakunan ajiyarsa, ana kuma ajiye dukiyar marayu a can. Masu gadi suna kwana a ciki bayan an kulle ƙofofi. Sata ba ta cika faruwa ba, shi ya sa satar tsabar zinariya 30,000 da aka yi a 1591 ta girgiza birnin har ta shiga littattafan tarihi. An gano kuɗin, aka kuma rataye wanda aka kama da laifin.

Kasuwar a yau

Kasuwar tana buɗewa daga Litinin zuwa Asabar, tana rufewa ranar Lahadi da ranakun Sallah. Ana ƙiyasta cewa mutum 250,000 zuwa 400,000 ne suke shigarta a kullum. Ana sayar da zinariya da azurfa da darduma da kayan fata da tangaran da fitilu da kayan tarihi da tsaraba, kuma tayi da ragi har yanzu su ne hanyar ciniki a mafi yawan shaguna. Ban da yawon buɗe ido, kasuwar cibiya ce ta cinikin zinariya da canjin kuɗi, har kafofin labaran Turkiyya suna kawo farashin zinariya na Kapalıçarşı a rahotanninsu na tattalin arziki. A watan Maris na 2020 an rufe ta saboda annobar korona, aka sake buɗe ta ranar 1 ga Yuni na wannan shekara.

Matsalolin adana ginin

Babbar matsalar kasuwar ita ce yawan masu mallakarta. Shagunan suna hannun dubban mutane da hukumomin wakafi, ga kuma 'yan haya, don haka an daɗe ba a san wanda zai ɗauki nauyin rufi da magudanan ruwa da wayoyin lantarki da kowa ke amfani da su ba. A cikin shekaru masu yawa, waɗansu masu shaguna sun rage kaurin bango ko sun cire shi domin faɗaɗa wuri, waɗansu sun haƙa ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, aka kuma ɗora tankunan ruwa da na'urorin sanyaya ɗaki a kan rufin. Ruwan sama ya riƙa yoyo yana jiƙa tubalin. Halin da rufin yake ciki ya ja hankalin jama'a a 2012, lokacin da aka ɗauki tseren babura na fim ɗin James Bond mai suna Skyfall a kansa.

A 2016 aka fara babban aikin gyara tare da hukumar gundumar Fatih, aka soma da rufin, inda aka kwashe kayan da aka ɗora masa aka sake shimfiɗa tayil. Abin da ya fi damun injiniyoyi shi ne girgizar ƙasa. Istanbul tana kusa da tsagin ƙasa na Arewacin Anatoliya, wanda ya ratsa ta ƙarƙashin Tekun Marmara, kuma tun bayan girgizar İzmit ta 1999 masana suke gargaɗin cewa babbar girgiza tana iya afka wa birnin. Rufin tubali mai lanƙwasa yana dogara ne da bangon da ke tokare shi ta gefe biyu, saboda haka duk inda aka rage bangon shago, rufin titin da ke gabansa ya rasa wani ɓangare na abin da ke riƙe da shi. Ƙarfafa waɗannan bangaye yana buƙatar rufe shaguna na wani lokaci da amincewar masu su, a kasuwar da dubban iyalai suke ci daga gare ta.